Karsanar Da Aka Maido Ba Ta Haihu Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a tattara mu, wanda ya yi karatu da wanda bai taɓa riƙe alli ba. Yayana, wanda nake bi uwa ɗaya uba ɗaya, ya amsa kira a ƙarshen daminar bana, a gidansa na Dakoro, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Na ɗauki alƙalami domin kada a manta da shi. Na ɗauka kuma domin ya bar mini wani kaya da ya fi ƙarfina, ga shi lokaci ba ya jirana.

Zaman makokinsa ya tara mutanen da ba su saba zama tabarma ɗaya ba. Tsofaffin malaman babbar makarantar fasaha ta Maradi, inda ya yi rayuwarsa yana koyar da ƙirar na'urorin lantarki na asibiti, sun zo cikin mota ɗaya, suka zauna suna yaba shi da Faransanci, har ɗayansu ya manta inda yake ya fara gardama kan wata jarabawa ta shekarun baya. Makiyaya sun zo daga arewa, suka durƙusa can gefe, suka yi addu'a, ba su ƙara komai ba. Wani dattijo daga Birnin Lalle ya yi ta kuka, da aka tambaye shi dangantakarsu sai ya ce mamacin ya gyara masa rediyo sau biyu, bai karɓi ko goro ba, kuma duk sau biyun sai da ya yi masa faɗa. Liman ya ce bai taɓa ganin mutumin da ke shigowa masallaci da ƙaurin narkakkiyar dalma a riga ba sai shi.

Wadda ta girgiza ni ita ce ungozomar likitar Korahane, wato ƙaramin asibitin ƙauyen. Mace ce mai shekaru, marar yawan magana. Ta shiga cikin gida ta yi wa matar yayana gaisuwa, da ta fito ta sa aka kira ni bakin zaure. Ta yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan, ta ce:

“Mushe, ka gafarce ni, na san ba lokacinsa ba ne. Amma ɗari na tahe. Akwatin jariran nan hwa?”



Ranar sadakar uku, ana cikin rabon waina, sai ga ɗalibansa na ƙarshe, su uku. Saurayi ɗan makiyaya ne a gaba, dogo, ya rungumo wata na'ura lulluɓe cikin bargo kamar mai ɗauke da maraƙin da aka haifa yanzu. Bayansa ɗan wani attajirin Maradi riƙe da jakar ƙarafa, sai budurwa ɗiyar wani manomi na Mai Yara, ta tsaya daga nesa da kanta a ƙasa. Suka ajiye kayan a gabana kan tabarma. Ɗan makiyayan ya ce mai ita ya tafi, ga ta sun maido wa magada, lafiyarta lau, ba a doke ta ba, ba a bar ta da ƙura ba. Makiyayan da ke gefe suka gyaɗa kai, alamar yaro ya san ya kamata. Ni ma na sa musu albarka. A ranar na ɗauka ladabi kawai na gani.

Sai na koma baya kaɗan kafin a fahimci abin da suka maido.

Muna yara, a wata shekarar fari, dabbobin mahaifinmu suka ƙare ƙaf. Wani amininsa Bafulatani ya zo da karsana, ya ɗaura mata igiya, ya miƙa masa bakin igiyar. Wannan shi ne habbanaye: a ba ka aron saniya, ka riƙe ta har ta haihu, ƴaƴan naka ne, uwar ka mayar wa mai ita, shi kuma ya ɗaura wa wani. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, kuma wanda aka ɗaura wa ba ya cewa ba ya so. Nonon wannan saniya muka sha muka tafi lakwal, wato makarantar boko. Ni na manta launinta. Yayana bai taɓa mantawa ba.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida, sai ya mai da zaurensa ɗakin aiki. Ɗaliban shekarar ƙarshe, musamman ƴan ƙasar nan, sukan zo wurinsa su yi aikin da za su kammala karatu da shi. Yana da wata tsohuwar na'ura mai ƙaramin gilashi a fuska, wadda in an jona mata waya take zana tafiyar lantarki, kore-kore, kamar sawun maciji a rairayi. Da ita ake ganin abin da ido ba ya gani cikin ƙira. Ita ya sa wa suna Karsana. Duk ƙungiyar da za ta fara aiki, sai ya ɗaura igiya a mariƙinta, igiyar kaba ta gaske, ya miƙa musu, haɗe da ƙarfen narka dalma da ma'auni. Abin da suka ƙera nasu ne, da sunansu za a kai shi likita. Uwar kuma su maido. Ta haka aka sami fitilar da ake sa jarirai masu shawara a ƙarƙashinta, da ƙararrawar da ke kuka in firjin allurar rigakafi ya fara ɗumi, da wani ɗan abu da ake maƙala wa yaro a yatsa a san ko iska na isa jininsa. Yakan kira su ƴaƴan Karsana, yana lissafa su da alfahari kamar mai garke.

Ba ya karɓar ɗalibi shi kaɗai. Uku uku yake haɗa su, ya ce tukunya ba ta zama kan dutse biyu. Kuma ba ya barin aboki ya zaɓi aboki. Da gangan yakan haɗa ɗan birni da ɗan ruga, mai surutu da mai kunya, ya zauna yana hura shayi yana kallonsu suna cije haƙora. Kafin su taɓa waya ɗaya, sai ya tura su likitar ƙauye su zauna kan benci, su yi ta kallo da saurare har ungozoma ko manjo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya gaji da ganinsu. In sun dawo yakan tambaye su wa ke share ɗakin, ina ake ajiye makulli, ƙarfe nawa rana ke bugun taga. Wanda ya ce masa wannan ba aikin injiniya ba ne, sai ya ce ya koma ya ƙara mako guda.

Yana da gilashin ido biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, kullum yana neman na ukun da babu shi. Yana gane abin da ya ƙone cikin na'ura da hanci kafin ya buɗe ta. Ba ya yabo. Mafi girman abin da ɗalibi zai ji daga bakinsa shi ne, “To, ba ta kashe kowa ba tukuna.”

In ƙungiya ta ce ta gama, sai ya kira wata tsohuwar ƙungiya, waɗanda suka riga suka fita, ya danƙa musu na'urar su nemi aibinta. Waɗannan yake kira surukai, domin a cewarsa ba wanda ya kai suruki ganin inda ɗinki ya karkace. Su girgiza ta, su bar ta a rana, su zare waya, su juya batir. In ta lalace, ba wanda ya ƙera ɓangaren zai gyara ba, ɗan'uwansa ne zai gyara, shi kuma ya tsaya hannu a baya, bakinsa a rufe. Sai surukai sun sallama, sannan shi ya duba, sannan a kai wa babban likita ya gani. Yana da karin maganarsa da ya ƙirƙira, har yaran unguwa sun haddace: na'urar da mutum ɗaya ya sani, ranar da ya yi zazzaɓi ita ma ta kwanta.

A nan muka yi saɓani, ni da shi, saɓanin da ya kai mu ga daina cin tuwo tare na wani lokaci. Ni ɗan tsohuwar lakwal ne. An rene ni a inda ake jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a karanta a gaban iyaye, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya shuka. Haka na yi shekaruna ina shugabantar makaranta, kuma yaran da na yaye ba su kunyata ni ba. Shi kuwa maki ɗaya yake ba mutum uku. Na ce masa wannan zalunci ne, rago ya hau bayan mai ƙoƙari ya haye rafi. Ya ce in ragon ya kai ƙarshen shekara yana rago, to laifin sauran biyun ne, su ma sun cancanci faɗuwa. Na ce da haka ake kashe zuciyar haziƙi. Ya sauko da gilashin goshinsa kan na hancinsa, ya dube ni ta cikin biyun, ya ce:

“Ƙanena, uwar da ɗanta ke cikin akwati ba za ta tambayi wa ya zo na ɗaya ba.”

Har yau ban janye maganata duka ba. Na ga haziƙan da suka sha wahala a hannunsa. Amma na ga kuma abin da ya yi wa ɗiyar manomin nan. Da aka haɗa su, samarin biyu suka bar mata rubutu da dafa shayi, suka riƙe ƙarfen. Ya zuba musu ido har ya ga abin ya zama ɗabi'a. Wata safiya ya karɓe ƙarfen daga hannun ɗan attajirin, ya ba ta, ya ce daga yau su biyun aikinsu riƙe mata waya da fifita mata hayaƙi, har sai ta ce ta gaji. Ta ƙona allon ƙira biyu. Ya ɗauko na uku daga aljihunsa, wanda da ma ya tanada, ya ajiye mata, ya fita zuwa masallaci don kada ta ji idonsa a kanta. Daga baya na ji ya gaya wa matarsa cewa duk cikin waɗanda ya koyar ba wanda ya kai ta tsabtar liƙi. Ita bai taɓa gaya mata ba. Ina fata za ta karanta wannan.

Aikin su ukun shi ne akwatin ɗumama bakwaini, mai cin hasken rana, wanda ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Ungozomar Korahane ce ta roƙa. Ta gaya musu yadda ake naɗe jaririn da bai isa haihuwa ba a ƙirjin uwa, wanda shi ne mafi alheri, amma in uwar ta zubar da jini ko ta rasu, sai a kama hanya da shi cikin sanyi, kuma ba kowane ke isa ba. Ɗan makiyayan ya ɗauki ɓangaren faifan rana da batir. Ɗan attajirin ya ɗauki abin da ke ba da zafi da abin da ke kashe shi in ya isa. Budurwar ta ɗauki abin da ke jin ɗumin jikin jariri da ƙararrawar da za ta ta da mutane. Maimakon jariri, kwalbar ruwan ɗumi suke naɗewa da zane su sa a ciki. Yayana ya hana a ɗauke ta da hannu ɗaya. Ya ce wanda ya saba jifa da kwalba zai yi jifa da ɗan mutane. Akwatin yana ɗumi, amma wani lokaci yakan wuce kima ƙararrawar ba ta yi kuka ba. Suna cikin neman dalili ciwo ya kwantar da shi.

Da aka zo rabon gado, matarsa da ɗiyarsa tilo suka ce ƙarafan zaure su faɗo cikin rabona, su ba su san abin da za su yi da su ba. Kamar ni na sani. Na sa aka kwaso su zuwa nawa zauren, da akwatin, da kwalbar a cikinsa.

Sai bayan haka matar yayana, wadda ke cikin takaba ba ta fitowa, ta ji cewa an maido Karsana. Ta aiko a kira ni. Na tsaya daga bakin ƙofa, tana magana daga ciki. Ta tambaye ni wa ya karɓa, na ce ni. Ta yi salati, ta ce a kwanakinsa na ƙarshe, lokacin da magana ke yi masa nauyi, ya maimaita mata abu ɗaya har ta ɗauka zafin ciwo ne: kada yaran nan su maido ta, ba ta haihu ba. Ta ce ta yi niyyar gaya mini, mutuwa ta ruɗa ta, kuma ba ta zaci za su yi sauri haka ba.

Yaran ba su yi laifi ba. Abin da aka koya musu a gida suka bi: in mai saniya ya rasu, dukiyar magada ce, ba ta kwana a garken wani. Amma ranar da suka ajiye ta kan tabarma, ranar aikin ya tsaya. Ba su da abin duba ƙirar, ba su da wanda za su ji tsoro, ba su kuma da dalilin haɗuwa da safe. Mahaifin ɗan attajirin ya kira shi Maradi ya tsare shago. Budurwar ta koma Mai Yara yankan gero. Ɗan makiyayan kuwa na ji an ce zai bi abokansa arewa wajen haƙar zinariya.

Ina so in faɗi wata magana ga yayana, ko da yake ba ya ji, kuma ba a saba faɗa wa mamaci ba. Kai da ka ce kada na'ura ta rataya a wuyan mutum ɗaya, ka bar duk wannan aiki a rataye a wuyanka. Kai kaɗai ka san inda surukai suke. Kai kaɗai ake jira ka ce ba ta kashe kowa ba. Ka yi zazzaɓi, ga shi ta kwanta.

Na aika wa yaran saƙo su zo su ɗauka. Budurwar ta ce in sauran sun zo za ta zo. Ɗan attajirin bai amsa ba. Ɗan makiyayan ya aiko da gaisuwa mai kyau, ya ce ba ya iya karɓar abin da ya riga ya mayar. Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na gane cewa aike na yi, kuma habbanaye ba a aika shi.

Ranar kasuwa na sa babbar rigata, wadda nake sawa ranar rabon sakamako. Na sayi igiyar kaba sabuwa, na ɗaura a mariƙin Karsana, na ɗauki hayar amalanken jaki, na zauna kusa da ita muka ratsa gari har kara, inda ake cinikin shanu. Mutanen da na koyar da ƴaƴansu suka tsaya suna kallo. Wani dillali, wanda na taɓa kora daga aji saboda rashin ji, ya ɗaga murya ya ce, Mushe, wagga ta nawa ce, kuma tana ba da nono? Aka yi dariya. Na ce masa tana bayarwa, amma ba ga wanda ya kasa haddace bakwai sau takwas ba. Aka ƙara yin dariya, wannan karon ba da ni ba.

Na sami ɗan makiyayan tsaye da mahaifinsa, sun kawo bijimin da za a sayar a yi masa guzuri. Da ya gan ni ya durƙusa. Na sauko da ƙyar, gwiwoyina ba su da kirki yanzu, na kama bakin igiyar na miƙa masa a gaban jama'a. Na ce tawa ce yanzu, halak malak, gado na ci, kuma na ɗaura masa shi da ƴan'uwansa biyu har sai ta haihu. Bai miƙo hannu ba. Ya dubi ƙasa. Mahaifinsa, tsoho mai rawani wanda bai san abin da na'urar ke yi ba, ya dubi igiyar, ya dube ni, sannan ya yi wa ɗansa magana a hankali da Fulatanci, ya maimaita da Hausa don in ji: an ɗaura maka, karɓi.

Ya karɓa. Hawaye na zuba a fuskarsa, ya ce:

“Baba, na karɓa. Amma in mun gama, wa za shi duba? Ni ba ni sa ɗan mutum ciki da bakina kaɗai.”

Na ce masa zan nemo surukai. Na faɗa da ƙarfi, irin muryar da nake yi wa aji, domin kada ya ji cewa ban san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tsohon ya kwance bijiminsa ya koma da shi. Ya ce ya ba ɗansa zuwa ƙarshen ɗari, ba ƙari.

Ga inda muke a yau. Ɗan makiyayan yana kwana a zaurena. Budurwar tana zuwa, mahaifinta ya yarda bayan na je da kaina na zauna a ƙofar gidansa. Dutse biyu ke nan, tukunya na karkace. Ɓangaren da ke ba da zafi na ɗan attajirin ne, kuma a nan suke zargin aibin yake. Sun iya buɗe shi, yayana ya tabbatar da haka, amma sun ce akwai abin da ɗan attajirin ya canza a makon ƙarshe wanda shi kaɗai ya san dalilinsa. Na je Maradi, mahaifinsa ya karɓe ni da girmamawa, ya ba ni abinci, ya ce za a duba. Na san ma'anar za a duba. Ɗana, kai ɗan attajiri, in wannan rubutu ya iso gare ka, ba na ce ka saɓa wa mahaifinka ba. Ka roƙe shi aron kanka, kamar yadda aka ba ka aron Karsana.

Ku kuma da kuka taɓa riƙe wannan igiya, ku da kuka yi fitilar shawara da ƙararrawar firji da abin yatsa, ban san sunayenku ba, ban san garuruwan da aiki ya kai ku ba. Na san dai ya ba ku maki ɗaya ku uku, wataƙila har yau wani cikinku na jin haushi, kuma ni ne mutum na ƙarshe da zai ce ba ku da hujja. Uku nake nema. Ku zo ku girgiza akwatin nan, ku bar shi a rana, ku zare masa waya, ku nemi aibinsa da mugun ido kamar yadda aka nemi naku. Masauki da tuwo suna kaina. Ni abin da na iya shi ne in tsare ƙofa, in hana hira, in ga an ɗauki kwalba da hannu biyu. Ban taɓa roƙon kowa ba tun da na yi wayo. Yau ina roƙo.

Ungozomar ta sake aikowa jiya. Ba ta tambayi akwatin ba wannan karon. Ta ce a gaya mini kawai cewa an fara hura wuta da safe a Korahane.

Ya Allah, Ka yi wa yayana rahama, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi kamar yadda ya nemi haske ga ƴaƴan da ba nasa ba. Ka yafe masa zafin baki da taurin kai, Ka ba matarsa da ɗiyarsa haƙuri, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. In akwai ladan da zai bi shi kabari, Ka sa ya bi ta cikin akwatin nan.

Ɗazu da asuba, kafin yaran su tashi aiki, na sa hannu na taɓa kwalbar cikin zanenta. Da ɗumi. Ban sani ba ko ɗumin da ke raya jariri ne ko wanda ke ƙona shi, kuma ba wanda zan tambaya. Karsana tana nan ɗaure a zaurena, igiyarta sabuwa. Ba ta haihu ba.